Babi na 9: Motar da Ba Kowa a Cikinta

Duk wanda ya bi babbar hanya mai lamba 10 ta kudancin Arizona cikin watan Janairu zai yi ta cin karo da manyan motocin tafi-da-gidanka, wasu tsawonsu ƙafa 40, suna gangarowa daga Kanada da jihohin arewacin Amurka inda ƙanƙara ta rufe ko'ina. Da yawansu Quartzsite suka nufa, wani ɗan ƙaramin gari a cikin hamada inda dubban masu irin waɗannan motoci ke kafa sansani har sanyi ya wuce. Galibin direbobin dattawa ne da suka ajiye aiki, miji da mata. A bayan babbar motar kuma sau da yawa za ka ga wata ƙarama tana biye, tayoyinta huɗu a kan kwalta, gilasanta a rufe, kujerar direba wayam. Babbar ta sha kwana, ita ma ta sha. Babbar ta taka birki, jajayen fitilun ƙaramar su kama.

Dalilin wannan ɗawainiya ba ɓoyayye ba ne. Idan mai motar tafi-da-gidanka ya isa masauki, aiki ne ja a gabansa kafin ya zauna: ya sauke jak-jak huɗu ya daidaita motar don firji ya yi aiki daidai, ya jona wayar lantarki, ya ɗaura tiyon ruwa, ya haɗa bututun ban-ɗaki, ya buɗe ɗakunan da ke fitowa ta gefe, ya shimfiɗa rumfa. To bayan duk wannan sai uwargida ta ce madara ta ƙare, ko maganin hawan jini. Ba mai hankalin da zai kwance gida guda don sayen madara. Ko ya kwance ma, ina zai ajiye abu mai ƙafa 40 a ƙofar kantin magani? Akwai kuma wuraren da doka ce ta hana shi shiga. A gandun dajin Glacier da ke Montana, hanyar da ta haura tsauni ta ratsa Logan Pass ba a barin motar da tsawonta ya wuce ƙafa 21 ko faɗinta ya wuce ƙafa 8 ta bi tsakiyarta. Mutum ya yi tafiyar kwana da kwanaki don ganin wurin, sai ya tsaya a ƙofa in ba shi da ƙaramar mota.

Tun da kamfanin Winnebago na jihar Ayowa ya fitar da motarsa ta farko a 1966, masu wannan rayuwa suke neman hanyar tafiya da ƙaramar mota, kuma hanyoyin uku ne. Ko a ɗora ta gaba ɗaya a kan tirela, ko a ɗora tayoyinta na gaba a kan ɗan amalanke mai taya biyu, ko a ja ta a kan ƙafafunta. Tirela ta fi kowace kare motar, sai dai ita kanta nauyi ce, kuma idan an isa masauki sai an nema mata wurin kwana. Amalanken ya dace da yawancin motocin da tayoyin gaba ke ja, amma ɗaure tayoyi da bel a cikin ruwan sama aiki ne na durƙuso da rarrafe, dattijo mai ciwon gwiwa ba ya son sa. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar yawanci suke ƙarewa a ta ukun. Wanda ya saba, cikin 'yan mintoci ya haɗa, cikin 'yan mintoci ya kwance, sandar jan kuma ya naɗe ta a bayan babbar mota.

A ƙasarmu idan mota ta mutu a hanya aka ɗaura mata igiya, akwai mutum a ciki. Shi ke riƙe sitiyari, shi ke taka birki idan na gaba ya rage gudu, shi ke jin warin ƙauri ko ƙarar da ba ta dace ba ya danna ham ko ya fito da hannu. A nan ba shi. Motar za ta yi wuni tana gudun kilomita 100 a awa ba ido ba kunne a cikinta. Saboda haka duk abin da wannan mutumin zai yi, sai an damƙa shi ga ƙarfe da waya tun kafin a tashi, kuma duk wanda aka manta ba a damƙa ba, babu mai yin sa.

Mu fara da abin da ba a gani, wato cikin giyabos, domin nan ne aka fi yin asara.

Giyabos na otomatik da mai yake rayuwa. Man giya ne ke shafe ƙarafan da ke gogayya, shi ke kwashe zafi ya kai wurin sanyayawa, shi ne kuma ke matse kuloci-kulocin da ke ciki. Abin da ke zagaya da man nan wani famfo ne da ke bakin giyabos, kuma injin ne ke juya shi. Injin ya mutu, famfo ya tsaya, mai ya koma ƙasa ya kwanta. To amma tayoyi suna juyawa, suna juya aksul, aksul yana juya rabin kayan cikin giyabos ta baya. Sa giya a firi bai hana wannan ba. Abin da firi ya yi kawai shi ne raba injin da tayoyi. Ƙarafan suna ta gudu a bushe, zafi yana taruwa ba mai kwashe shi. Kilomita kaɗan a hankali ba lallai su yi ɓarna ba, shi ya sa littattafan motoci da yawa suka yarda a ja su ɗan gajeren zango da ƙaramin gudu idan larura ta kama. Amma wuni guda a babbar hanya, giyabos ya gama yawo. Mummunan abin shi ne ɓarnar ba ta cika nuna kanta ran nan ba. Mota za ta tashi, ta yi tafiya, sai bayan makonni giya ta fara zamewa, man ya yi baƙi yana wari, mai ita yana mamakin me ya faru.

Mutane da yawa sun ɗauka mota mai giyar hannu ta tsira daga wannan. Da yawa sun tsira, amma ba duka ba. A yawancin giyabos na hannu ba famfo. Haƙoran da ke nutse cikin mai su ke watsa shi sama yayin da suke juyawa. A wasu ƙirar, waɗannan haƙoran injin ne ke juya su, don haka idan ana jan motar a firi suna tsaye cik, sandar da ke sama kuwa tana gudu ba mai. Daga waje ba yadda za a yi ka gane wace ƙira ce. Kamfanin da ya ƙera ta ne ya sani, kuma ya rubuta a littafin da ke zuwa da motar.

Honda CR-V misali ce mai kyau ta yadda wannan lamari ke canzawa daga shekara zuwa shekara. Shekaru da dama tana cikin motocin da aka fi gani a bayan tafi-da-gidanka, duk da cewa otomatik ce, domin kamfanin ya yarda a ja ta bisa sharaɗi. Sai ka tayar da injin, ka zagaya da giya ta kowane matsayi, ka shiga firi daga giyar tafiya gaba, ba daga ribas ba, ka bar injin ya yi minti 3 kafin ka kashe. Ba a wuce gudun mil 65 a awa, kuma bayan kowace awa 8 ta tafiya a tsaya a maimaita. Wanda ya shiga firi daga ribas ya bar wani kuloci a inda bai kamata ba, kuma giyabos ne zai biya. A ƙirar 2015 kamfanin ya koma irin giyabos ɗin nan mai bel na ƙarfe wanda ba shi da matakai, izinin ja kuma ya ƙare daga nan. Mota iri ɗaya, suna ɗaya, ta 2014 ana ja, ta 2015 ba a ja. Wannan ne ya sa har yau tsofaffin suke da daraja a wurin masu wannan harka.

Sarauniyar fagen dai ita ce Jeep Wrangler, kuma dalilin yana ƙarƙashinta. Bayan giyabos tana da akwati na biyu, mai raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, shi ma da nasa liba kusa da ta giya, kuma shi ma yana da firi. Idan aka sa wannan akwatin a firi, an yanke giyabos da injin gaba ɗaya daga tayoyi. Famfon man akwatin kuwa sandar da ke zuwa tayoyin baya ce ke juya shi, don haka ko injin a kashe yana samun mai. Ga yadda mai kula yake yi da safe kafin tashi. Ya tsayar da motar a bayan babbar, ƙafarsa a kan birki. Ya sa giya a firi, ya kama ƙaramar liba ya tura ta firi. Wani lokaci takan yi tauri, sai ya ɗan motsa motar kafin ta shiga. Daga nan, injin yana aiki, ya sa ribas ya ɗaga ƙafa daga birki ya jira. Motar ba ta motsa ba. Ya sa giyar gaba ya sake ɗaga ƙafa. Shiru. Yanzu ya tabbata. Sai ya kashe injin, ya mayar da giyar otomatik fakin, ko in ta hannu ce ya bar ta a cikin giya. Wannan mataki na ƙarshe yakan ba sabon shiga mamaki, amma haka kamfanin ya ce, don kada jujjuyawar da ke cikin akwatin ta ja kayan giyabos su riƙa bin ta ba mai. Bayan an haɗa sanda, abu na ƙarshe shi ne sauke hambirki.

Gwajin nan na ribas da giyar gaba bai kai minti guda ba, amma shi ne ran aikin. A 2021 labarin wata sabuwar Wrangler Rubicon ya bazu daga wani gareji a Fulorida. An ja ta a bayan tafi-da-gidanka akwatin raba ƙarfi yana cikin ƙaramar giyar hawan dutse, giyabos kuma yana giya ta ɗaya. A wannan haɗin, duk juyi ɗaya na taya injin yana juyawa kimanin sau 84. An ƙera shi ne don rarrafe a kan duwatsu. A gudun babbar hanya lissafin ya kai injin kusan juyi 50,000 a minti, alhali iyakarsa ba ta kai 7,000 ba. Ƙasan injin ya tarwatse, ƙarafan ciki suka fasa suka fice, gidan kuloci ya farfashe. Direban babbar mota mai ƙarfin dizal yana iya jan irin wannan bai ji komai ba sai ɗan nauyi, kamar iska ce ke gaba da shi.

Ƙungiyar masu irin waɗannan motoci, wadda aka kafa a 1963 da sunan FMCA, ta daɗe tana fitar da jerin motocin da kamfanoninsu suka yarda a ja kowace shekara, kuma jerin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Akori-kura masu fowil irin su Ford F-150 da Chevrolet Colorado suna ciki, haka wasu motocin Ford masu haɗa fetur da batir. Masu lantarki zalla kuwa kusan duk an hana, domin injinsu a haɗe yake da tayoyi ba firi na gaskiya. Taya ta juya, injin ya zama janareta, wutar ta rasa wurin zuwa sai zafi. Tesla ta rubuta ƙarara cewa kada a ja motocinta tayoyi a ƙasa. Akwai masu sayar da famfon lantarki da ake ƙara wa giyabos, da na'urar cire farfela da liba daga cikin mota. Suna aiki, amma ni ban ga hikimar ɗora lafiyar giyabos a kan ƙaramin famfo da fiyus ɗaya da ba wanda ke kallonsu ba. Wanda bai riga ya sayi mota ba, ya sayi wadda aka yarda a ja.

Wannan ɓangaren ya shafe mu kai tsaye, ko da ba mu da tafi-da-gidanka. Yawancin tokumbon da ke shigowa yanzu otomatik ne, kuma har gobe idan ɗaya ta mutu tsakanin Zariya da Kano igiya ake nema a ja ta har gida. Tsofaffin makanikai sun san su kwance farfela kafin su ja babbar mota. Ƙananan motoci masu jan gaba ba su da farfelar da za a kwance, maganinsu janwe ne mai ɗaga gaba ko mai ɗauka gaba ɗaya. Kuɗin janwe komai yawansa bai kai na giyabos ba.

Sai maganar sitiyari. Ta yaya motar da ba direba take shan kwana? Duk wanda ya taɓa tura keke ta sirdi ya san amsar: ka tura shi gaba, kan yana miƙewa da kansa, ka karkata shi ya bi, ka ja shi da baya, nan take kan ya murɗe gefe. Tayoyin gaba na mota ma an ɗan kwantar da sandar da suke juyawa a kanta zuwa baya, don su riƙa komawa tsakiya da kansu bayan an sha kwana. Idan sandar ja ta fizgi gaban motar hagu, tayoyin sai su bi hagu, sitiyari yana juyawa shi kaɗai. Sharaɗin kawai kada ya zama a kulle. A motocin da sitiyarinsu ke kullewa idan an zare makulli, dole a bar makullin a ciki a murɗa shi mataki ɗaya. Wanda ya manta, zai ja motar tana gurzar tayoyin gaba a kowace kwana har su cinye. Barin makulli kuma yana shan batir, shi ya sa wasu kamfanoni suka ce a cire wani fiyus, wasu mutane kuma suna jawo waya daga babbar mota ta riƙa yi wa ƙaramar caji a hanya.

Wannan ƙira da ta sa motar ke bi da kyau ita ce ta hana yin ribas. Da zarar babbar ta fara turowa baya, tayoyin gaba na ƙaramar sai su murɗe gefe guda har ƙarshe, su kafe, nauyin tan goma ko fiye ya hau kan sandar ja. Ko sandar ta lanƙwashe, ko ƙarafan sitiyarin ƙaramar su karye. Mai jan tirela yana iya koyon ribas har ya gwanance, amma a nan ba gwaninta. Saboda haka direban yana rayuwa ne da tunanin mafita kafin mashiga. Kafin ya karya ya shiga gidan mai, sai ya duba ta ina zai fita, famfon da ya nufa yana da fili a gaba ko ya fuskanci ginin kanti. Da yawa sun gwammace manyan tashoshin da tireloli ke shan mai, inda ake shiga ta nan a fita ta can. Idan kuwa aka yi kuskure aka shiga lungun da ba ya ɓullewa, ba abin yi sai a sauka a kwance, uwargida ta tuƙa ƙaramar ta janye ta, maigida ya juya babbar, a sake haɗawa, ko da motoci sun yi layi a baya.

Sandar jan kanta ƙarfe ne mai hannu biyu, kanta ɗaya yana shiga ramin ƙugiya a bayan babbar mota, hannuwan kuma suna buɗewa su kama gaban ƙaramar a wuri biyu. Ba a bamba suke kamawa ba. Bambar motocin yanzu roba ce da kumfa. Ana kwance fuskar motar ne a ɗaura wani ƙarfe na musamman da noti a jikin shasi, kowace ƙirar mota da nata, sai kunnuwa biyu su leƙo waje. Kamfanoni irin su Blue Ox na Nebraska da Roadmaster da Demco su suka yi suna a wannan. Hannuwan sandar suna zugewa ciki da waje, don haka ba sai ka ajiye motar daidai wa daida ba. Ka haɗa, ka ja gaba kaɗan, su miƙe su kulle da kansu, kuma sai ka sauka ka ga sun kulle da idonka. Abin da mutane suka fi rainawa shi ne tsayi. Ana so sandar ta kwanta a miƙe, bambancin kan nan da kan can kada ya wuce inci 3. Idan ta karkata da yawa, ran da aka taka birkin gaggawa ƙaramar motar ko ta nemi hawa bayan babbar ko ta kutsa ƙarƙashinta. A ƙarƙashin sandar ana ratsa igiyoyin ƙarfe biyu a giciye, ta hagu zuwa dama, ta dama zuwa hagu, don in sandar ta ɓalle su tare ta kada ta soki kwalta. Sai wayar fitilu mai kai birki da sigina zuwa fitilun bayan ƙaramar.

Duk da haka direban makaho ne game da abin da ke bayansa. Babbar motar ta fi ƙaramar faɗi nesa, a madubi ba ya ganinta sai a kwana. A farkon shekarun 1990 wasu dattawa biyu, miji da mata, suna tafe a jihar Idaho tayar motar da suke ja ta fashe ba su sani ba. Suka ci gaba da tafiya, roba ta ƙare, ƙarfen taya yana gurzar hanya yana watsa tartsatsi cikin busasshiyar ciyawa mil bayan mil. Gobarar ta cinye dubban eka na daji, hukuma kuma ta kawo musu lissafin kashe ta, fiye da dala miliyan 1. Yau akwai kyamarar baya da ake barinta a kunne duk tsawon tafiya, akwai kuma ƙananan na'urori da ake ɗaurawa a bakin bawul na kowace taya, suna aiko da ƙarfin iska da zafinta gaban direba. Ban da su, tsohuwar al'ada ba ta tsufa ba: duk inda aka tsaya a zagaya, a taɓa tayoyi da bayan hannu, a duba kowane fil da maƙallinsa. Akwai masu zagayawa ko da minti biyar suka yi a wurin hutawa, domin an sha samun fil ya zame ko wani ya taɓa shi.

Na bar maganar nauyi da birki a ƙarshe domin a nan ne kuskuren mutum ke faɗawa kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Kowace tafi-da-gidanka tana da lambobi biyu da kamfani ya ƙayyade: iyakar nauyinta ita kaɗai da kayanta, da iyakar nauyinta haɗe da abin da take ja. Ƙugiyar baya ma tana da tata iyakar. A yawancin masu shan fetur laba 5,000 ce, wato kusan kilo 2,270. Manyan masu dizal sukan kai ninki biyu ko fiye. Wrangler mai ƙofa huɗu ta kai wajen tan 2 tun ba a sa mata komai ba. A ƙara mata manyan tayoyi da bambar ƙarfe, a cika bayanta da kujeru da kekuna da tukunyar gas, kamar yadda ake yi tunda ga fili, sai ta tsallake iyaka mai ita bai sani ba. Sikelin tashoshin manyan motoci kuɗi kaɗan ake biya, kuma shi kaɗai ke faɗin gaskiya.

To ko nauyin bai wuce ba, wa zai tsayar da shi? Kamfanin Ford, wanda ke ƙera shasin yawancin manyan tafi-da-gidanka masu fetur, ya bayyana a takardunsa cewa birkin motar an auna shi ne da nauyinta ita kaɗai, ba da abin da take ja ba, kuma ya ce duk abin da ya wuce laba 1,500 a sa masa nasa birkin. Ka ɗauki hanya mai lamba 70 a Kolorado. Mota ta fito daga ramin Eisenhower a tsayin kusan mita 3,400, sai gangara ta kusan mil 7 zuwa Silverthorne, wurare da dama kashi 7 cikin 100. A gefen hanyar an gina tudun tsakuwa don tirelolin da birkinsu ya tsinke su kutsa ciki. A irin wannan gangara tan 2 na ƙarfe yana tura ka ta baya ba sassauci. Birki yana mayar da gudu zafi ne, kuma akwai iyakar zafin da zai iya ɗauka. Ya wuce nan, takalmin birki ya daina kamu, man birki ya tafasa, feda ta yi laushi ta tafi ƙasa. Ko a shimfiɗaɗɗiyar hanya ma, ƙarin 'yan mitoci kafin tsayawa su ne tsakanin tsorata da kashe wanda ke gabanka.

Maganin yana kasuwa iri-iri. Akwai akwatin da ake ajiyewa a gaban kujerar direban ƙaramar mota, bayansa ya jingina da kujera, hannunsa ya kama fedar birki. Yana jin motar ta fara rage gudu sai ya taka. Akwai wanda ake girkawa dindindin, yana karɓar iska daga birkin babbar mota mai dizal, yana takawa daidai da yadda direba ya taka. Akwai kuma mai sauƙi wanda ba lantarki a cikinsa: turowar da ƙaramar ke yi wa sanda ita ke jan wata waya da ta ratsa zuwa feda. Kowanne da lallashinsa, musamman da yake injin a kashe yake, abin da ke sauƙaƙa taka birki ba ya aiki, sai an daidaita ƙarfin takun don kada tayoyi su kulle. Tare da su akwai wani ɗan makunni a gaban ƙaramar mota, da fil a cikinsa, siririyar waya ta ɗaure fil ɗin da jikin babbar. Ran da komai ya tsinke, sanda da igiyoyi duka, wayar ta fizge fil, birkin ƙaramar ya kama ya tsayar da ita. In babu shi, mota ce mai tan 2 ba direba, tana gudun babbar hanya, tana iya tsallakawa hannun masu zuwa.

Dokokin jihohin Amurka sun sha bamban a kan wannan. Da yawa sun sa iyakar nauyin da za a iya ja ba birki a laba 3,000, kimanin kilo 1,360, wasu ƙasa da haka, wasu kuma tazarar tsayawa suke aunawa. A Birtaniya ana ɗaukar motar da aka ja haka a matsayin tirela, don haka dole birkinta ya yi aiki. A Sifaniya kuwa 'yan sanda sukan tsayar da masu yawon buɗe ido su sa su kwance, su ci su tara. Wannan bambanci ya ba wasu kafar fakewa. Za ka ji mutum yana cewa jiharsu ba ta tilasta ba, ko motarsa dizal ce mai birkin iska ba ta ma san tana jan wani abu ba, ko ya shekara goma yana yi ba abin da ya faru. Na yarda babbar dizal tana iya tsayar da nauyin a rana ta lafiya. Amma birkinta ba zai tsayar da motar da ta riga ta rabu da ita ba, kuma gangarar Kolorado ba ta tambayar lambar wace jiha ce a jikin motarka.

Na'urar birkin takan haura dala 1,000, kuma ita ce abin da mutane suka fi jinkirtawa bayan sun kashe kuɗi a kan sanda da ƙarfen shasi da wayoyi. Mutumin da ya iya sayen gida mai taya, ya iya zuba masa mai daga Kanada zuwa Arizona, ba shi da hujjar cewa wannan ya fi ƙarfinsa. Idan kuwa da gaske kuɗin bai kai ba, to a bar ƙaramar motar a gida, a yi hayar wata a inda aka sauka, ko ɗaya ya tuƙa ta ya biyo baya. Kada ka hau hanyar da iyalan mutane ke bi da motar da ba kowa a cikinta kuma ba abin da zai taka mata birki.